Kukan matakalar katako: Yadda muka gyara ta gidan kakanmu a Jos ba tare da an rushe ta ba

A gidanmu na gado da ke tsohon garin Jos ba a hawa bene a ɓoye. Matakalar katako ce mai hawa 14, kuma tun muna yara kusan kowane mataki da irin kukansa. Na uku ƙiƙ yake yi kamar ɓera ya faɗa tarko, na tara kuwa sai ya ja dogon nishi kafin ya yi shiru.

Kakarmu Hajiya, wadda ɗakinta ke sama, ba ta buƙatar leƙowa kafin ta san mai zuwa. Da jin taku za ta kira sunanka, ta kuma tambaye ka daga ina da daren nan.

A hunturun bara abin ya wuce wasa. Kukan ya ƙaru har maƙwabta na ji, wasu matakan suka fara motsi a ƙarƙashin ƙafa, sannan wata tsohuwar ƙusa ta ɗago kai ta yanki ɗan yayata a tafin ƙafa, sai da aka kai shi aka yi masa allurar tsatsa.

Baffanmu, wanda shi ne babba a gidan yanzu, ya tara mu ya ce magana ta ƙare: a ɓalle katakon nan a zuba ta kankare kamar ta kowa. Ba wanda zai ga laifinsa, mahaifiyarsa ce mai shekara sama da 80 take hawa da sauka a kai kullum.

Tsoron nasa kuma yana da tushe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin tattalin arziki, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi shafa.

Sai dai ta kankaren ma da nata matsalolin. Aikin zai ɗauki makonni, daga kafa katakon zubi zuwa jiran ya bushe, kuma Hajiya ta rantse ba inda za ta je ta bar ɗakinta. Ga tsadar siminti da rodi. Ga kuma nauyi: matakalar kankare mai wannan tsawo tana kai kusan tan biyu, alhali benen namu a kan katako yake, bangon kuma na zamanin da ne. Da wannan hujjar na roƙi a ba ni mako biyu in nemo mai gyara.

Yadda katako ya hau bene a Arewa

Ginin Hausa na asali bai san kukan matakala ba. Soron bene na gargajiya da ƙasa ake yin matakalarsa, a ɗora rufin a kan azara ta giginya, wadda gara ba ta cika samun sa'arta ba. Matakalar ƙasa sai dai ta zaizaye a yi mata yaɓe.

Ta katako daga bakin teku ta taso. Benen da ake kira na farko a Najeriya, wanda 'yan mishan suka kammala a Badagry a 1845, da matakalar katako ake hawansa. Tsohon gidan gwamnati na Kalaba, wanda yanzu gidan tarihi ne, a Birtaniya aka yanka katakansa aka kawo a jirgin ruwa aka harhaɗa a 1884. A Ebute Metta da ke Legas har yau gidan Jaekel na ma'aikatar jirgin ƙasa, ginin 1898, yana tsaye.

Jirgin ƙasa ne ya kawo wannan salo Arewa. Layin dogo ya isa Kano a 1911, ƙaramin layin da ya taso daga Zariya ya iso Jos a 1914 saboda kuza, babban layi kuma ya biyo ta Kafanchan a 1927. Da jirgin aka riƙa hawo da katakon kurmi, musamman loko, wanda aka fi sani da iroko, da dangin maɗaci. Shi ya sa idan ka ga tsohuwar matakalar katako a Arewa, yawanci a gidajen ma'aikatan reluwe ne, ko na Turawan kuza, ko benayen 'yan kasuwa masu kanti a ƙasa da wurin kwana a sama. Namu irin na ƙarshen ne. Kakanmu ya saye shi daga hannun wani ɗan kasuwa kafin samun 'yancin kai.

Me ke sa ta kuka?

Kukan matakala ba komai ba ne illa gogayya. Ko dai katako biyu ne ke gugar juna, ko kuma katako ne ke hawa da sauka a jikin ƙusar da ta saki. Duk inda ka ji ƙara, akwai abin da ya kamata ya zauna daram amma ya samu wurin motsi.

Matakala irin tamu sassa uku gare ta. Akwai matakin da ake ɗora ƙafa, akwai allon da ke tsaye tsakanin mataki da mataki, sai dogayen katakai biyu masu kauri a gefe da gefe, waɗanda ke ɗauke da nauyin duka. Kafintocin da sukan sassaƙa gurbi a jikin na gefen, su zura matakin a ciki, su buga weji ta ƙasa ya matse shi. A kusurwar da mataki ya haɗu da allon tsaye kuma sukan manna 'yan gutattakin katako masu kusurwa uku da gam.

Gam ɗin wancan zamani daga fata da ƙashin dabbobi ake dafa shi. Yana da riƙo, amma bayan shekaru masu yawa na zafi da laima sai ya bushe ya farfashe. Gutattakin su zube, wejin ya ja baya, a bar ƙusa ita kaɗai da aiki.

Sannan ga yanayinmu, wanda a ganina shi ne babban mai laifi. Katako ko ya shekara 100 da sarewa bai daina shan ruwan iska yana fitarwa ba. Idan laimar iska ta kai kashi 80 cikin 100, kamar yadda ake samu a Jos cikin watan Agusta, ruwan jikin katako yakan doshi kashi 16 cikin 100 na nauyinsa. Idan hunturu ya sauko da laimar zuwa kashi 20, sai ya koma ƙasa da kashi biyar.

Wannan canjin ta faɗi yake nunawa, tsawon katako kusan ba ya motsi. Allo mai faɗin inci goma zai iya tsukewa da milimita uku zuwa shida tsakanin damina da hunturu, gwargwadon irin itacen da yadda aka tsaga shi. Ƙusa kuwa ba ta tsukewa. Kowace shekara katakon ya kumbura ya ture ta, ya tsuke ya bar ta, har ramin ya yi mata yawa. Ka lissafa wannan sau 70 ko 80.

Abin da ya sa ke nan masu irin wannan matakala za su gaya maka da damina takan yi shiru da kanta, sai iskar Disamba ta kaɗa ta dawo da surutu. Ƙofofin katako ma haka suke yi, su cije a Agusta su saki a Janairu.

Ba ko'ina ake ƙin wannan ƙara ba. A fadar Nijo da ke birnin Kiyoto na Japan, wadda aka gina a farkon shekarun 1600, daɓen katakon barandar yana kuka kamar tsuntsu idan an taka, kuma labarin da ake ba masu yawon buɗe ido shi ne ƙarar na tona asirin mai sanɗa da dare. Da na ba Hajiya wannan labari cewa ta yi ashe sarakunan can ma sun san abin da ta sani.

Kafinta na farko

Wanda na fara kawowa matashi ne mai yin rufin kwano da silin, kuma a aikinsa ba shi da laifi. Ya hau ya sauka sau biyu, ya ce aikin awa ɗaya ne. Shawararsa ita ce a samo ƙusa 'yar inci huɗu a bi kowane mataki a daddanna, waɗanda suka fi lalacewa kuma a shimfiɗa musu sabon katako a kai.

Na bar shi ya gwada a mataki ɗaya, kuma na yi nadama. Tsohon loko ya bushe ya yi tauri kamar ƙashi. Ƙusa ta farko ta lanƙwashe, ta biyu ta shiga amma ta tsaga bakin matakin kusan tsawon tafin hannu. Kukan ya tsaya na kwana uku ya dawo.

Maganar ɗora sabon allo a kan wasu matakan kuwa ta fi ƙusar haɗari, ko da yake a lokacin ban gane ba. Ƙafar mutum tana auna tsayin mataki biyu ko uku na farko ne, daga nan ta ci gaba da kanta ba tare da ido ya duba ba. Tun a shekarun 1670 wani masanin gine-gine na Faransa, François Blondel, ya fitar da lissafin da magina ke amfani da shi har yau: tsayin mataki sau biyu, a haɗa da faɗinsa, ya yi daidai da takun mutum guda, wato wajen santimita 63 zuwa 65. Idan ka ƙara wa mataki ɗaya kaurin inci guda, ka ƙara tsayinsa ka kuma rage na wanda ke binsa. A nan tsoho zai yi tuntuɓe, musamman wajen saukowa da asuba ba wuta.

Matakin da ba ya kuka

A Kasuwar Katako aka yi mini kwatancen wani dattijo da ya koyi aiki a hannun kafintocin reluwe yana yaro. Yanzu ya rage aiki, jikokinsa ne a shagon. Da ƙyar ya yarda ya biyo ni, shi ma don na ce masa matakalar ta girme ni ta girmi mahaifina.

Baba bai zo da guduma ba ranar farko. Tocila ya riƙo, da alli, da tsohuwar sukundireba. Ya sa aka kwashe tarkacen da ke ƙarƙashin matakalar, buhunan gawayi da tsofaffin kwanuka da kwalaye, ya shiga ya zauna a kan kujera 'yar tsugunno. Ni kuma ya ce in riƙa hawa a hankali, a kowane mataki in taka tsakiya, in taka dama, in taka hagu, in matsa gaba in dawo baya.

Duk inda ya ga motsi sai ya yi alama da alli. Ya nuna mini cewa wurin da ƙarar ke fitowa shi ke faɗin ciwon. Idan a bakin matakin ne, to ya rabu da allon tsayen da ke ƙarƙashinsa. Idan a can ciki ne, haɗin baya ne ya saki. Idan a gefe ne, weji ne ya ja baya ko ya faɗi. A cikin weji sama da 50 da ya kamata a samu, mun tsinci tara a ƙasa cikin ƙura, wasu kuma da yatsa yake zaro su.

Duk wannan bai dame shi ba, har yana yaba aikin wanda ya yi ta. Inda fuskarsa ta canza shi ne mataki na biyu daga ƙasa, wanda a iya sanina bai taɓa yin ƙara ba. Ya ce in sake takawa. Na taka, shiru. Ya ƙwanƙwasa shi da gindin sukundireba, sautin ya fito kamar na ƙwarya. Ya juya tsinin ya danna da hannu ɗaya, sai ga ta ta nutse har rabi.

Gara ce. Ta biyo ta wata tsaga a daɓen siminti, a bayan buhunan gawayin, ta gina hanyarta ta ƙasa a jikin bango, ta shiga gindin katakon gefe na ɓangaren bango, ta cinye cikin mataki na ɗaya da na biyu ta bar fenti da ɓawon sama. Da alama wani ya taɓa canza waɗannan biyun shekarun baya da farin katako mai laushi, shi ya sa ta same su da sauƙi. Lokon ma ba ta bar shi ba a inda ya daɗe yana shan danshin bango.

Bayanin Baba shi ne katako mai lafiya ne ke da ƙarfin yin ƙara, domin sai abu biyu masu tauri sun gogi juna ake jin sauti. Wanda gara ta cinye ko ya ruɓe lotsawa yake yi shiru, har ranar da zai ɓurma. Mu mun shekara muna ƙorafin matakai 11 masu surutu, ga wanda zai karya wa Hajiya ƙugu muna takawa hankali kwance.

Na kira Baffa a waya na ce ya zo ya gani da idonsa. Da ya ga ramin sai ya ce ai ga hujjarsa nan, a rushe. Baba ya ba shi sukundirebar ya ce, Alhaji, bi sauran da kanka. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya har sama yana dannawa da ƙarfinsa, ba inda tsinin ya shiga. Daga nan aka koma maganar kuɗin aiki.

Duk mai tsohuwar matakala zai iya yin wannan gwajin yau. A ƙwanƙwasa, a danna tsini a gindin katakan gefe da duk inda katako ya taɓa ƙasa ko bango. A duba hanyar ƙasa irin ta gara. A duba ƙananan huji kamar na allura da gari mai laushi a ƙarƙashinsu, wannan aikin wani ƙwaro ne mai cin katako daga ciki. A jijjiga abin dafawa a ga ko yana rawa. Idan aka ga katakon gefe ya tsage, ko ya rabu da bango, ko matakalar gaba ɗaya tana lilo, wannan ya wuce gyaran mai gida, a hana kowa hawa a nemo wanda ya san aikin.

Gyara daga ƙasa

Aikin ya ɗauki kwana huɗu, kuma ba ranar da Hajiya ta kasa saukowa, sai dai wuni ɗaya da aka ce ta haƙura har la'asar.

Da gara aka fara. Aka tokare matakalar, aka yanke ruɓaɓɓen gindin katakon gefe har inda aka tarar da mai lafiya, aka yi masa ƙari da sabo aka ɗaure da noti. Aka zuba magani a tsagar daɓen aka toshe ta, aka yi ɗan dakali na siminti aka shimfiɗa leda mai kauri a kai, don kada katako ya sake zama kai tsaye a kan danshi. Sababbin katakan an shafe su da maganin gara irin su Solignum da ake sayarwa a shagunan kayan gini, amma sai bayan an gama manne-manne, domin gam ba ya kama katakon da ya sha mai.

Daga nan aka koma kan weji. Kowanne sai ya zaro shi, ya kankare tsohon gam daga jikinsa da cikin gurbin, ya shafa farin gam na kafintoci, ya mayar yana bugawa a hankali har matakin ya daina motsi. Waɗanda suka ɓace ko suka karye ya yanka sababbi daga busasshen katako mai tauri. Na lura ba ya cika bugu. Ya ce yanzu hunturu ne, katako ya tsuke iyakar tsukewarsa, in ka matse shi da ƙarfin tsiya to damina na zuwa zai nemi wurin kumbura, in bai samu ba ya tsaga gurbin.

Gutattakin kusurwa kuma daga katako ɗan biyu-da-biyu ya yanko su, ya tsaga ta kusurwa, kowanne tsawon kamar inci huɗu. Uku a ƙarƙashin kowane mataki, ɗaya a tsakiya biyu a gefe. Yakan shafa gam, ya ɗora a kusurwar ya goga gaba da baya har ya ji ya kama, sannan ya ƙara da sukuru. A haɗin baya, inda gindin allon tsaye ya sauka a bayan mataki, nan ma sukuru uku ya ɗaura.

Ko ɗaya bai ɗaura ba sai da ya fara huda rami. Jikansa ne ke riƙe da injin hudawa, shi yana nuna wuri. A tsohon katako mai tauri wannan ba zaɓi ba ne: in ba a huda ba, ko sukurun ya karye a ciki ko katakon ya tsage. Ya kuma sa duk mun rufe hanci, domin ƙurar loko tana sa atishawa da ƙaiƙayi, tana tayar wa masu asma da ciwonsu.

Idan ƙasan a rufe yake

Mu mun yi sa'a ƙarƙashin tamu a buɗe yake. A wasu gidajen an rufe shi da silin ko filawud. Shawarata ita ce in dai ana iya ɓalle rufin a mayar, a ɓalle, ko don a ga abin da ke ɓoye a ciki. In ba hali, ana gyarawa ta sama.

Ana huda rami biyu ko uku a kusa da bakin matakin, daidai saitin allon tsayen da ke ƙasa. Ramin da ke jikin matakin ya ɗan fi sukurun faɗi, na cikin allon kuma ya fi shi ƙanƙanta, ta yadda in an ɗaure zai jawo matakin ƙasa ya haɗe su. Wani ya tsaya a kan matakin lokacin ɗaurewa. A nutsar da kan sukurun ya shige ƙasa da fuskar katako, a toshe da ɗan guntun katako ko garin zarto da aka kwaɓa da gam, a goge da samfefa. Sukuru mai tsawon inci biyu da rabi ya isa ga matakin da kaurinsa bai wuce inci ɗaya da ɗan wani abu ba.

In dole sai ƙusa, to kada a buga ta a miƙe. A buga biyu a karkace suna fuskantar juna, su ma bayan an huda musu ƙaramin rami. A haka ba sa zarewa da sauƙi.

Hoda, kyandir da baƙin mai

Kafin mu kai ga kafinta, ba dabarar da ba a gwada ba a gidanmu. An barbaɗa hodar jarirai a tsagogin, an goga kyandir, wani ƙanena har man girki ya ɗiga. Hoda da kyandir suna rage ƙarar na ɗan lokaci tunda suna sa katakan su zame a jikin juna, amma motsin yana nan, haɗin kuma yana ci gaba da sakewa. Hodar da ta rage a kan mataki kuwa santsi ce, a gidan da ke da tsohuwa da yara.

Baƙin man mota da mutane ke shafa wa katakon rufi don gara, kada a kawo shi kan matakala. Yana wari a cikin gida, yana ɓata tufafi, yana sa santsi, kuma duk inda ya shiga gam ba zai sake kamawa ba. Haka shimfiɗa kafet a rufe: ƙarar za ta ragu, gara kuma ta samu duhun da take so.

Neman katakon da zai dace

Abin da ya fi ba mu wahala shi ne samun allon da za a maye matakai biyun nan. Yawancin abin da ke kasuwa yanzu ɗanye ne, an sare shi makonni kaɗan da suka wuce, kuma fari ne mai laushi irin su obeche da malaina. In ka sa ɗanyen katako a matakala, kafin hunturu biyu ya tsuke ya bar gurbinsa, ka koma gidan jiya.

Itatuwa masu tauri kuma sun yi wuya sun yi tsada. Madobiya, wadda aka yi ta sarewa a Taraba da maƙwabtanta ana fitarwa zuwa Chaina, tun 2017 ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta sa wa ido a cinikin ƙasa da ƙasa, kuma a 2022 aka ƙara da dangin maɗaci da kawo na Afirka. Irin allon loko mai faɗi da kauri da ke jikin matakalarmu, ko da kuɗinka sai ka yi yawo.

Baba bai ma tsaya wajen masu sabon katako ba. Ya ja ni wajen masu sayar da kayan rusau, inda ake tara ƙofofi da tagogi da katakan tsofaffin gidajen da aka rushe. A can muka samu wani tsohon allon teburin kanti, loko ne, ya bushe shekara da shekaru. Daga shi aka fitar da matakai biyu har da ragowar yin weji. Na tsaya ina kallon tulin da ke wurin, har da guntayen matakala irin tamu sak, da gurabunta da komai, an sare da gatari ana sayarwa masu gidan burodi su hura wuta.

Abin da muka kashe gaba ɗaya, da ladan aiki da magani da sukuru da gam, bai kai kuɗin rodin da aka lissafa mana na ta kankare ba. Baffa ya ƙara daga aljihunsa aka sa abin dafawa na biyu a jikin bango, aka ja wuta aka sa ƙwai mai caji a saman matakalar. Gawayi kuma an sauya masa wuri, ƙarƙashin matakala yanzu fayau yake, kuma an ɗora wa ƙanena duba shi da tocila duk ƙarshen wata.

Baba ya ce a kira shi bayan damina ta wuce ya sake bin wejin, domin sai katakon ya kumbura ya sake tsukewa sau ɗaya za a san wanda ya zauna. Ya dawo a watan Nuwamba, ya ƙara wa uku bugu, ya sha shayi ya tafi.

Makon jiya da iska ta tsananta, mataki na tara ya soma ɗan nishinsa. Na ƙwanƙwasa shi, na danna tsini ta sama da ta ƙasa, lafiyarsa ƙalau. Na ce wa Hajiya zan kira Baba ya zo ya duba. Ta ce in bar mata wannan ɗaya, tun da aka yi gyaran nan jikoki ke shigo mata ɗaki ba ta ji zuwansu ba.